Rabin Darasin da Madam Rahinatu Ta Bari

Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa. Ni ba kowa ba ce da zan yi rubutu a kan Madam Rahinatu. Akwai 'ya'yanta, akwai malaman da suka koyar tare da ita, akwai matan da suka fi ni saninta nesa ba kusa ba. Ni 'yar sakandare ce, aji biyu, kuma duk wanda ya san ni ya san ko a aji ba na ɗaga hannu. Dole ce ta sa ni. Don Allah ku karanta har ƙarshe, domin akwai wata mata da nake nema kafin ta kwanta barci yau, kuma ban san sunanta ba.

Da safiyar nan labarin ya same ni.

Ina tsugune a tsakar gidanmu a Dabokpa ina goge takalmin makaranta, sai wayar Mma, mahaifiyata, ta yi ƙara. Na ji ta yi sallama. Kokon da ta ɗora ya tafaso har yana zuba a kan gawayi, ko waiwayawa ba ta yi ba.

Ta ce, "Nafisa, cire kayan makarantar nan. Madam ta rasu."

Na ci gaba da goge takalmin. Ban san dalili ba. Sai da Mma ta zo ta karɓe burushin daga hannuna.

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Madam Rahinatu malamar firamare ce a Aboabo har ta yi ritaya. Da ƙafafunta suka fara ciwo, idonta ya rage gani, ba ta yarda ta zauna haka nan ba. Ta buɗe zaure a waya, ta sa masa suna Makarantar Tsakar Gida. Ɗalibanta matan da ba su taɓa zama a aji ba ne: masu sayar da wake da shinkafa, masu man kaɗanya, masu noma a Gbalahi da ƙauyukan gefenta. Ba ta rubuta musu komai, tunda yawancinsu ba sa karatu. Saƙon murya take turawa, da Hausa, wani lokaci ta maimaita da Dagbanci.

A gidaje da yawa waya ɗaya ce. Idan an sauke tuwo, sai a sa wayar a cikin kwanon da babu komai don sautin ya ƙaru, mata su kewaye ta. Ita ma wannan dabarar Madam ce ta koya mana.

A nan Mma ta koyi duba ranar da magani yake lalacewa. A nan maƙwabciyarmu ta koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, ta ceci ɗanta da zawo ya kusa ɗauka. Akwai tsohuwar da ta fara rubuta sunanta da gawayi a bangon ɗakin girki, ta sa aka ɗauki hoton aka tura wa Madam. Ranar Madam ta yi kuka, ina wurin.

Farkon haɗuwarmu, Mma ce ta aike ni da wayarta a sa ta a zauren. Na yi gaisuwa, Madam ta karkato kunne.

"Me kika ce?"

Na sake gaishe ta.

Ta ce, "Yarinya, muryar taki a gida kika baro ta tana caji?"

Matan da ke wurin suka yi ta dariya, ni kuwa na so ƙasa ta buɗe. Amma da zan tafi ta kira ni, ta ce hannunta yana rawa idan ta riƙe waya, ko zan riƙa zuwa bayan makaranta ina danna mata. Ba ta taɓa tilasta mini yin magana ba. Ita za ta buɗe wayar da babban yatsanta, ta miƙo mini, ni in danna in riƙe, ita ta yi magana.

Kullum tana ajiye mini ƙanzon shinkafa a ƙaramin kwano, don ta lura ina so.

Akwai ranar da aljihun rigar makarantata ya yage. Ta sa na ɗaura zaninta, ta ɗinke shi tana laluben ramin allura da ido ɗaya.

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne maganar take.

Madam tana da salon koyarwa nata na kanta. Ta ƙirƙiro wata mata da babu ita a duniya, ta sa mata suna Mma Lariba. Duk ranar Litinin Madam za ta maƙale murya, ta yi ta siririya kamar ta tsohuwa mai gardama, ta zama Mma Lariba, ta ba da labarin wani abu da ta yi tana yabon kanta. Kuma Mma Lariba ba ta taɓa yin daidai ba. Ita ce mai ba wa jariri maganin manya. Ita ce mai zuba ruwan sha a jarkar maganin feshi. Idan labarin ya ƙare, Madam za ta dawo da muryarta ta gaskiya ta ce, "To, me Mma Lariba ta yi ba daidai ba?" Sai ta buɗe zauren, mata su yi ta turo amsa, ana musu ana dariya. Ranar Alhamis ta rufe musun da amsar gaskiya. Kullum da kalma ɗaya take farawa: "Mma Lariba, Allah Ya shirye ki."

Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta faɗi daidai tun farko ba. Ta ce idan ta faɗa musu za su manta, idan su suka kama Lariba da kansu ba za su manta ba.

Duk wanda ya daɗe a zauren, da ya ji siririyar muryar nan ya san kuskure ne ke tafe.

Litinin ɗin nan da ta wuce ita ce ganina da ita na ƙarshe.

Na same ta kwance a tabarma a baranda, ta rufa da mayafi duk da zafin da ake yi. Tari take yi mai zurfi. Muryarta ta dushe. Ta gwada maƙale ta irin ta Mma Lariba, tari ya taso. Ta sake gwadawa, ya sake tasowa.

Na ce, "Madam, ko mu bari sai kin ji sauƙi?"

Ta ce, "Ana ta sussukar wake, Nafisa. An fara ɗinke buhuna. Ba za su jira tarina ba. Yau dai Lariba ta yi haƙuri ta ari muryata."

Shi ke nan ta yi labarin da muryarta ta yau da kullum. Ni na danna, ni na riƙe. Ga abin da ta ce, yawancinku kun riga kun ji shi:

"Ni dai bana ƙwaro bai isa ya ci mini wake ba. Na sayo ƙwayar buhu a kasuwa, na tura a kowane buhu. Na jera buhunan a ɗakin kwanana, kusa da katifa, inda ɓarawo ba zai kai ba. Na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada ƙarfin maganin ya fita. Ni da jikokina muka kwanta, hankalina kwance."

Tana kaiwa nan tari ya sarƙe ta, har sai da na ajiye wayar na ɗebo mata ruwa. Da ta lafa ta ce in tura wancan haka, mu ƙara ɗan guntu daban. A guntun ne ta ce, "Mma Lariba ce kuka ji. Kada kowa ya gwada. Me ta yi ba daidai ba? Sai Alhamis." Amma muryar ta riga ta tafi. Rabinsa tari ne, rabinsa raɗa.

Bayan mun gama ta daɗe tana kallon rufin baranda. Sai ta ba ni wani labari da ba ta taɓa ba ni ba.

Ta ce tun tana koyarwa, akwai wata yarinya a ajinta mai son zama a gaba. Wata safiya ba ta zo ba. Aka aiko a ce Madam ta je gidan. Lokacin kaka ne irin wannan, uwar ta shigar da buhuna masu ƙwayar a ciki ɗakin kwana saboda ɓarayi.

"Ina cikin matan da suka yi mata wanka. Babu ciwo ko ɗaya a jikinta, Nafisa. Kamar in taɓa ta ta tashi. Ɗakin yana wani wari, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Har yau idan ana soya tafarnuwa sai in bar wurin."

Na gyara mata mayafin.

Ta ce, "Alhamis ki zo da wuri. Idan muryata ba ta dawo ba, ke za ki ba da amsar."

Na ce, "Ni, Madam?"

Akwai wata kaza tana tono a bakin baranda. Ta nuna ta da haɓa. "To wa? Waccan?"

Na yi dariya, ita ma ta yi, tari ya katse ta. Ta ce kanta yana ciwo, sai an jima za ta buɗe zauren don a fara turo amsa. Ta turo mini kwanon ƙanzo da ƙafa. Na ci, na yi mata sallama.

Ba ta buɗe zauren ba. Talata aka kai ta asibiti. Yau Laraba.

Da muka isa gidan rasuwar a Aboabo, babura sun cika lungun har ba wurin wucewa. Mata sun cika tsakar gida da baranda, wasu a kan tabarmar da na bar ta a kai. Na samu gefe na rakuɓe.

Sai na ji muryarta.

Daga kusurwa take fitowa, wata ce ta kunna a wayarta. Kafin ya ƙare wata ma ta kunna a can bakin ƙofa. Sai wata a bayana. Murya ɗaya tana fitowa daga wurare daban-daban, wannan tana gaba, waccan tana bin ta. "Na rufe taga." "Na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa." "Ni da jikokina muka kwanta."

Mata suna kuka suna cewa Allah sarki, ji muryarta. Har tsofaffin 'yan zauren da suka san Mma Lariba, muryar suke ji, ba maganar ba.

Na karɓi wayar Mma na duba. Saƙon ya shigo ta zauren danginmu, ya shigo ta zauren matan masallaci, ya shigo ta na 'yan kasuwa. Wani ya rubuta a samansa: "Nasihar ƙarshe ta Madam. Ku tura, sadaka ce a gare ta." Ban san wanda ya fara ba, kuma na tabbata da kyakkyawar niyya ya yi. Amma labarin kaɗai ake turawa. Guntun nan mai tari, wanda ta ce kada kowa ya gwada, babu wanda ya haɗa da shi.

Ya fita daga makarantarmu, ya shiga kunnen mutanen da ba su taɓa jin sunan Mma Lariba ba. Su abin da suka ji shi ne malama mai mutunci, da muryarta, tana faɗin yadda take adana wakenta kwana kaɗan kafin ta rasu.

Bayan azahar maza suka dawo daga maƙabarta. Na tattaro duk ƙarfin halin da nake da shi na je wurin babban ɗanta, Yaya Mutaru. Na ce masa ina so a buɗe zauren in yi bayani, tunda Madam kaɗai ce admin, mai ikon buɗe shi, kuma ta bar shi a rufe, babu mai iya tura komai.

Ya ciro wayar daga aljihu, ya nuna mini fuskarta.

"Da yatsanta take buɗewa, Nafisa. Lambar kuma babu wanda ya sani. Na gwada tun safe."

Muka tsaya muna kallon wayar. Ni da shi mun san inda yatsan yake yanzu.

Ya ce, "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Yau ba ranar waya ba ce." Wasu baƙi suka zo yi masa gaisuwa, ya juya.

Na koma wurin Mma na raɗa mata komai a kunne. Ina cikin magana na ga fuskarta ta sauya.

Ta ce, "Gwaggonki."

Gwaggo Sanatu yayar babana ce. A Gbalahi take, tana noman wake. Ba ta cikin zauren, sai dai takan ji darasi jefi-jefi a wayar maƙwabta. Ta zo gaisuwa da safe, ta tafi da wuri, ta ce za ta biya kasuwa. Mma ta ce da Gwaggo za ta tafi har cewa ta yi, baiwar Allah, tana barin duniya ma tana koya mana dabara.

Jikokinta tagwaye, Asana da Fusaina, a ɗakinta suke kwana. Ba su kai shiga firamare ba.

Muka kira wayarta, a kashe. Mma ta ja babur, na hau baya.

Ban taɓa lura da yawan buhunan da ke kan hanyar nan ba sai yau. Wake a shanye a kan leda a bakin titi, masara a ƙofar gidaje, mata suna sheƙa, maza suna ɗora buhuna a kan babura. Duk buhun da na gani sai in tambayi kaina a wane ɗaki zai kwana.

Mun samu Gwaggo a ƙofar ɗakinta da basilla a hannu, tana ɗinke bakin buhu. Sauran buhunan an riga an shigar da su, an jera su a gefen katifa. An cusa tsumma a tagar. Asana da Fusaina suna zaune a saman buhunan suna wasa da murfin kwalba.

Mma ta ce, "Antire," gaisuwar rana da Dagbanci.

Gwaggo ta ce, "Naa. Lafiya kuka biyo ni kamar na sato wani abu a gidan makoki?"

Mma ta ce, "Yaya, kin sayi ƙwayar nan?"

Ta dafa bakin zaninta, inda ta ƙulle wani abu a leda. "Ga ta nan. Ina gama wannan buhun zan bi su in sa."

"Yaya, kada ki sa. Ba haka Madam take nufi ba."

"Ba haka take nufi ba? Da kunnena na ji. Muryarta ce ko ba muryarta ba ce?"

Mma ta ce, "Muryarta ce, amma…"

"To. Bara rabin wakena gari ya zama. Bana Allah Ya kawo mini dabara ta bakin baiwar Allah, ko kwana ba ta yi a kabari ba kun zo kuna ƙaryata ta."

Mma ta kunna mata guntun saƙon. Gwaggo ta kara wayar a kunne, ta yamutsa fuska, ta miƙo ta.

"Ni tari kawai nake ji."

Mma ba ta iya ja da yayar mijinta. Ta juyo ta kalle ni. Ta ce, "Nafisa tana wurin aka ɗauka. Ita ta riƙe wayar."

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wannan? Wannan da sai an sa kunne a bakinta kafin a ji ina wuni? Yau kuma ita za ta gyara wa mamaci magana?"

Maƙwabta sun fara leƙowa. Sai Fusaina ta kwanta a kan buhu, ta sa hannu a ƙarƙashin kumatu, tana wasan barci.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na ce, "Mma Lariba, Allah Ya shirye ki."

Da ƙarfi ya fito, har ni kaina na tsorata. Wata maƙwabciya da ke cikin zauren ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, Lariba ce! Litinin ce fa aka turo shi!"

Na ci gaba. Na faɗa wa Gwaggo wace ce Mma Lariba. Na faɗa mata yadda tari ya hana Madam sauya murya. Na ba ta labarin yarinyar da ke zama a gaban aji, da wankan, da warin tafarnuwa. Hawaye yana shiga mini baki, amma ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Gwaggo ta soke basillar a jikin buhu. Ta juya ta kalli cikin ɗakin.

Ta ce, "Ku sauko daga kan buhun nan."

Ta shiga da kanta ta zare tsumman tagar. Ta kwance ledar daga zaninta ta ajiye a kan dutse, nesa da ƙofa, tana goge hannu a jikinta kamar ta taɓa wuta.

Na zaci an gama.

Mma ta leƙa ledar ta ce, "Yaya, iyakar abin da kika saya ke nan? Bai kai yawan buhunanki ba."

Gwaggo ta zauna a ƙasa. Ba a kan kujera ba, a ƙasa.

Ta ce a cikin yalo-yalo, keken da ta hau daga kasuwa, wani fasinja ya kunna saƙon. Akwai wata mata a gefenta da goyo. Matar ta ce ita ma ƙwari sun fara shiga masararta, kuma ɗaki ɗaya gare su, ita da mijinta da yara, dama a nan buhunan suke. Ta tambaya ina ake samun ƙwayar. Gwaggo ta kwance ledarta ta raba biyu, ta ba ta rabi.

"Na ce mata sadaka ce, ladan ya kai wa Madam. Har godiya ta yi mini, ta ce yau ɗin nan za ta sa."

Ba ta tambayi sunanta ba.

Mun koma inda ta ce matar ta sauka, wurin masu sayar da gawayi kafin a shiga Gbalahi. Mun tambayi masu gawayin, mun tambayi masu yalo-yalo, mun bi wata 'yar hanya muna sallama gida-gida, Gwaggo tana gaba ba takalmi. Kowa ya ce mata masu goyo da yawa sun wuce yau. Da aka kira magariba Mma ta ce mu dawo gida in rubuta in tura a zaurukan da saƙon ya shiga, ko wayar da ta kai maganar can za ta iya kai gyaranta. Gwaggo ta ƙi biyo mu. Mun baro ta tana ci gaba da buga ƙofofi.

Ga kamannin matar kamar yadda Gwaggo ta faɗa. Ba ta tsufa ba. Mayafinta shuɗi ne. Tana da tsage ɗaya a kumatun hagu. Jaririn da ta goya yana da jar hular saƙa. Tana riƙe da buhuna marasa komai a naɗe. Dagbanci take yi, da Hausa kaɗan.

Idan 'yar'uwarki ce, ko matar ɗan'uwanka, ko maƙwabciya, don girman Allah kada ka tsaya kiran waya. Tashi ka je.

Yanzu an idar da sallar isha'i. Nan da ɗan lokaci mutane za su fara rufe ƙofa. Saboda haka ba zan jira Alhamis ba. Ga amsar, yadda Madam ta faɗa mini:

Ƙwayar buhu, wadda wasu ke kira bom, iska mai guba take fitarwa. Iskar ba ta tsayawa a cikin buhu. Yadda take kashe ƙwaro haka take kashe mutum, kuma yara take fara kayarwa. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango ko rufi da na kwana. Idan an riga an sa, a fitar da kowa yanzu, a bar ƙofa da taga a buɗe, kada kowa ya kwana a ciki, a nemi malamin gona ya zo ya duba. Wanda ya fara amai, ko ciwon kai, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, a kai shi asibiti nan take, a faɗa musu abin da ya shaƙa. Mai son adana wake ya busar da shi sosai, ya zuba a buhun nan mai leda a ciki wanda iska ba ta shiga, ko a jarka mai tsabta mai murfi, wadda ba a taɓa zuba magani a ciki ba. Ƙwaron zai mutu da kansa.

Ku daina tura wancan saƙon. Wanda ya riga ya tura, ya bi duk inda ya tura shi ya kai wannan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wadda ba ta iya ba, yau, kafin a kwanta. Wanda ya iya Dagbanci sosai ya faɗa da Dagbanci. Idan kuna son yi wa Madam sadaka, wannan ce.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Rahinatu. Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya shi. Duk macen da ta koyi wani abu a bakinta, Ka sa ya zama haske a gare ta. Ya Allah, kada Ka bari muryar da ta ƙare rayuwarta tana tsare yaran mutane ta zama sanadin cutar da ko ɗaya. Ka hana matar nan kwance ledar. Idan ta kwance, Ka hana ta rufe taga. Ka kai ƙafar wani ƙofarta.

Ku taya ni da amin. Ku sa Madam a addu'arku, ku sa Yaya Mutaru da ƙannensa, ku sa jaririn mai jar hula.

Abu na ƙarshe, kuma da kunya nake roƙonsa. Gobe Alhamis. Akwai gidajen da za a sauke tuwo, a sa waya a cikin kwano, a zauna ana jira, su kuwa rubutu ba ya kai musu. Na san ban kai ba, kuma wurin ba nawa ba ne. Amma ta ce idan muryarta ba ta dawo ba ni zan ba da amsar. Ina neman izinin 'ya'yanta da na iyayena matan Makarantar Tsakar Gida in sake rubutu a nan gobe, in faɗa muku ko an samu matar, in kuma ɗauki amsar da bakina ku tura ta duk inda wancan ya shiga.

Madam, na je na ɗauko muryar daga caji.

Iyayena, kun ba ni izini?